Shugaban Kwamitin Kare Fadama

Bayan gidana na Galtimari akwai wata fadama da ba ta da wani kyan gani. Da damina duk ruwan unguwa can yake gangarawa ya kwanta, kwaɗi su cika mana kunne. Idan ya ja, mata su shuka alayyafo da yakuwa a gefe. Na daɗe ina koyarwa a firamaren unguwar, ruwa bai taɓa shiga ɗakina ba, ni kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Da yankan filaye ya yi yawa, sai ma'aikatan tsara gari suka zo da taswira, suka kafa turaku masu jan fenti kewaye da fadamar, suka ce doka ta hana gini a ciki. Bulama, mai unguwarmu, ya tara mu a ƙofar gidansa, aka kafa kwamitin sa ido. Ni aka ba rubutu, tunda malami ne. Shugabanci kuwa aka ba wani Alhaji mai shagon kayan gini a kasuwa, mutumin da turarensa ke riga shi isa wuri. Ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce, "Wannan fadama amanar jikokinmu ce. Duk wanda ya ajiye bulo ɗaya a nan, da ni zai yi."

Muka yi ta tafi. Nawa ma ya fi na kowa ƙara, abin da har yau yake ba ni kunya.

Rani na biyu sai tifa ta fara juye jar ƙasa a bakin fadamar. Turakun nan, da na san ba su da ƙafa, suka matsa can ciki. Na bi sawu, aka ce mini aikin shugabanmu ne. Na same shi a shago, ya harɗe a kujera yana shan shayi.

Na ce, "Alhaji, ana cike fadama."

Ya ce, "Wace fadama, Malam? Wannan kududdufin sauron? Masallaci za a gina. Ko ɗakin Allah kake so ka hana?"

"To, bayan masallacin fa?"

"Ɗan abin da ya rage shaguna ne. Ci gaba ke nan. Kai dai ka riƙe allinka."

Na rubuta takarda zuwa ofishin tsara gari. Bayan makonni wani jami'i ya zo da gwangwanin fenti, ya rubuta A DAKATA a jikin bango, ya ci shinkafa da kaza a gidan Alhaji, ya hau babur ya tafi. Washegari magina suka shafe rubutun da filasta. Masallaci bai wuce fandisho ba. Shaguna kuwa har da kwano mai launi.

Wata tsohuwa da aka binne mata gonar alayyafo ta tare shi a hanya, ta ce, "Alhaji, ka tare wa ruwa wurin kwanciya, ina kake so ya je?" Ya yi dariya, ya ce a ba Iya goro.

Amsar ta zo wata ranar Talata bayan la'asar. Aka yi ruwa mai ƙarfi, ya gangaro kamar yadda ya saba, ya tarar da bango, ya juyo layinmu. Kafin magariba ya kai mini gwiwa a tsakar ɗaki. Katifa, buhun gero, takardun jarrabawar yara, duk suka jiƙe. Matata ta ɗora 'yarmu a kai, muka fita. Shagunan Alhaji na bisa tudun da ya cike, ko dandamalinsu ruwa bai taɓa ba.

Sati uku muka yi a ajin da nake koyarwa, mu da wasu gidaje huɗu. Can Alhaji ya same mu, cikin farar shadda da takalmin roba sabo fil, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ikon Allah ne, jama'a. Mu a kwamiti mun daɗe muna gargaɗi." Ya juyo gare ni. "Ko ba haka ba, Malam?"

Na kalli takalmin nan, ko taɓo babu a jikinsa.

Da muka koma gida, bango bai gama bushewa ba ya aiko mini dillali. Wai tunda gidana yanzu a hanyar ruwa yake, ba mai so, shi zai taimaka ya saya don zumunci. Na ba dillalin ruwa ya sha, na raka shi har bakin titi, na ce ya gaya wa Alhaji ina gaishe shi, kuma ko bangon ya faɗo mini, ba shi zan sayar wa ba.