Ruwan Rijiyar Gangare

Shekarar da aka kai ni Karofane, ji nake duk ƙasar Buza babu wadda ta kai ni iya haɗa abin sha. A Madawa na tashi, gidan yayata mai firigo, kuma a can na koyi zoɓon zamani: a jefa ɓawon abarba, a yanka kokwamba, a ɗiga ƙamshin kwalba. Na zo gidan miji da kwalaben ƙamshina a ƙasan akwati, ina lallaɓa su kamar turare.

A gidan kuwa akwai mai wannan aiki tun kafin a haife ni. Gwaggon mijina ce, wata 'yar tsohuwa siririya mai saurin tafiya da ƙarancin magana. Duk biki ko suna a unguwar ita ake kira. Kayan haɗinta ba su wuce zoɓo da citta da kanumfari da tsamiya ba, tafin hannunta ne ma'auni. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ruwa. Ga famfo a ƙofar gida, amma ita sai ta ɗaura wa jaki jarkoki ta gangara fadama, wajen wata tsohuwar rijiya a bayan gonakin albasa. Na ce a raina tsufa ne kawai, ta saba da wahala har ba ta iya zama babu ita.

Da ƙanwar mijina ta zo gida haihuwar fari, uwar mijina ta ce bana amarya ce za ta yi abin shan suna, tunda an ce ta iya na birni. A gaban Gwaggo ta faɗa. Gwaggo ba ta ɗago kai daga geron da take tsincewa ba. Ni kuwa kaina ya kumbura, ko da yake na san abin da ke gabana. Dangin uban jariri za su zo daga Deule, kuma a garin nan aikin da amarya ta fara ɓatawa da shi ake tsokanarta har ta yi jika.

Ana gobe suna Gwaggo ta leƙo ɗakina, ta tambaya ko ta ɗebo mini ruwa daga gangare. Na ce ta huta, ai ga famfo. Har yau idan na tuna yadda na faɗi wannan magana ina murmushi, kunya nake ji.

Da hantsi, bayan maza sun watse daga raɗin suna, na ɗora manyan tukwane biyu, na juye duk zoɓon da aka sayo. Na jira jan nan ya fito, bai fito ba. Ruwan ya yi duhu kamar na marina. Na ɗanɗana, ba tsami ko kaɗan, sai wani bauri da ke maƙalewa a harshe. Na ƙara sukari. Na ɗauko kwalabena na zazzaga, sai abin ya koma warin sabulu. Mata za su fara shigowa bayan azahar, ga shi babu sauran zoɓo ko tafi ɗaya. Na zauna a bakin murhu ina kuka, ina ɗora wa hayaƙi laifi.

A haka Gwaggo ta same ni. Ta leƙa tukunya, ta dube ni.

“Ɗiyata, ruwan famfo kinka sa?”

Na gyaɗa kai. Ta ce ruwan famfon nan zartsi ne, kanwa gare shi, yana dafa wake da kyau amma yana kashe zoɓo. Kowace mace a garin ta san haka tun tana yarinya, shi ya sa ba wadda ta ga dalilin faɗa mini.

Ta fita ta dawo da babbar ƙwarya a rufe da faifai. Tsamiya ce jiƙaƙƙiya, ta yi kauri. Ashe tun jiya, bayan na ce ta huta, ta kora jakinta gangare, ta ɗebo ruwa, ta jiƙa ta ajiye a ɗakinta ba ta gaya wa kowa ba.

Abin da na gani daga nan ban taɓa mantawa ba. Ta tace tsamiyar, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana juyawa, ba ta ɗanɗana ba ko sau ɗaya, launin kawai take kallo. Duhun nan ya fara washewa daga tsakiya, ya yi ja-ja, har ya koma ja wur. Ta sa na daka ɗanyar citta da kanumfari don su danne warin kwalba. Sai ta ɗauki ɓawon abarbata ta sunsuna, ta daɗe tana sunsunawa, ta ce wannan kam yana da amfani, in jefa shi. Daɗi ya kama ni kamar an ba ni kyautar zane.

Mata suka sha har suna miƙo kofi a ƙara. Wata dattijuwa daga Deule ta ɗaga murya tana tambayar wace ce ta yi wannan haɗi, ita ba ta taɓa shan irinsa ba. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na ji an taka mini ƙafa.

“Amaryarmu ta yi shi,” in ji Gwaggo. “Ni bana hutawa nike.”

Uwar mijina ta dube ni tana fara'a. Ni kuwa ƙasa na kalla, don idona ya cika. Matar da na karɓe wa aiki, na raina wa jaki, ita ce ta tsaya ta rufa mini asiri a gaban baƙi.

Washegari da ta fito za ta gangare, ta tarar da ni tsaye kusa da jakin da jarkoki a hannu. Sai ta nuna mini yadda ake ɗaure igiyar don kada kaya su karkace. Shekara tara muna bin hanyar nan tare.

Yanzu ni ake kira biki da suna, kuma har yau mata na ba da labarin zoɓon da na yi ina amarya. Har Gwaggo ta rasu ba ta gaya wa kowa cewa ita ta gyara shi ba. Ni ce na ga ya kamata a sani.