Yadda Muka Auna Alhaji a Sikelin Tirela

A duk shekarun da na yi ina aiki a Sharaɗa, ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba ita ce wadda muka ɗora mai kamfani a kan sikelin tirela ba da saninsa ba. Ku yaran yanzu kuna ganina da furfura kuna zaton ban taɓa yin wauta ba. To ku gyara zama.

Kamfanin matsar mai ne, na gyaɗa da na waken suya, ni kuma ina garejin motoci, ɓangaren taya. Tsarinmu shi ne foman a sama, sai manyan kanikawa, sai mu masu taya da birki. A lokacin an ɗaga ni muƙaddashin foman na wata uku, gwaji. In na yi kyau a ba ni takardar tabbatarwa, in ban yi ba in koma kwance taya. Saura mini sati biyu. Wanda na gada kuwa, abin da ya raba shi da kujerar bai taka kara ya karya ba. Kekensa ya jingina a jikin wata motar Alhaji mai kamfanin, fenti ya ɗan karce, washegari aka mayar da shi sito yana ninke buhunan wofi.

Motar tsohuwar motar tsere ce 'yar Ingila, koriya, kujera biyu, rufinta na tamfol, ƙasa-ƙasa har in ka zauna a ciki kamar a kan tabarma kake. Tun yana saurayi Alhaji ya saye ta, kuma duk motocinsa ba wadda yake so kamarta. Sai babban ɗansa ya dawo daga tafiya da tsarabar sababbin rim guda huɗu masu walƙiya, wato ƙarafan da ake ɗaura taya a kansu. Na asali inci goma sha huɗu ne, waɗannan sha biyar, kuma sun fi faɗi, sun ɗan turo waje. Alhaji ya kira ni ofis.

"Sabo, taya nake so mai faɗi, wadda za ta cika ido," in ji shi. "Amma in ta taɓa jikin motar nan, ka san hanyar sito."

Ga wanda bai san aikin ba, lambobi uku ne a jikin taya. Ta farko faɗinta, ta biyu tsayin gefenta, ta uku girman rim. Ƙa'ida ita ce in rim ya ƙaru, sai gefen taya ya ragu, domin tsayin ƙafar gaba ɗaya ya tsaya yadda yake. In ka saɓa, agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, taya kuma ta riƙa gogar fenda, wato ƙarfen da ya lulluɓe ta daga sama. Na je wajen wani dila da muke hulɗa da shi a Dakata, ya ba ni aron kala uku: mai faɗin milimita ɗari biyu da biyar, da ɗari da casa'in da biyar, da ɗari da tamanin da biyar. Na ɗaura su bi da bi, na zura hannu tsakanin taya da fenda. Babbar ta bar yatsa ɗaya, ta tsakiya biyu, ƙaramar uku.

Amma wannan duk mota ba kowa a ciki. Sifirin ɗinta ya tsufa, da mutum ya zauna za ta nutsa. Na shiga na zauna don in gani, motar ko sanin na shiga ba ta yi ba, domin ni tun can kamar sillen kara nake. Alhaji kuwa Allah ya yi masa jiki, tubarkalla. Sai na san nauyinsa zan san tayar da za ta ɗauke shi. To wa zai tsaya gaban mai kamfani ya ce, ranku ya daɗe, kilo nawa ne ku? Wallahi na kwana biyu abinci ba ya yi mini daɗi.

Haladu, direban Alhaji, shi na fara kai wa kukana. Ya ce a tambayi telansa. Na ce tela yadi ya sani, bai san kilo ba. Muna tsaye a ƙofar gareji sai ya nuna mini sikelin bakin get da leɓe.

Sikelin wani dogon faranti ne na ƙarfe a ƙasa. Tirela ta hau da kaya a auna, ta sauke ta dawo a sake aunawa, abin da ya ragu shi ne nauyin kayan. Mai kula da shi Malam Iro ne, dattijo mutumin Ringim, wanda ko murmushi sai ya duba ƙa'ida. Da muka yi masa bayani ya daɗe yana kallonmu.

"Injin nan ba ya awo sai ya fitar da takarda," ya ce. "Kuma akwai gurbin nau'in kaya. Ni ba na rubuta ƙarya."

Na ce ya rubuta duk abin da ya ga dama. Na san sarai kowace Alhamis ana kai wa Alhaji kwafin takardun sati ya duba da kansa, amma tsoron sito ya shafe mini wannan daga kai.

Ranar Talata da safe muka sa wata tirela ta tsaya a ƙaramar hanyar da motocin ofis ke bi, aka buɗe bonet kamar ta lalace. Da Haladu ya iso da Alhaji a jif, dole ya hau sikeli. Malam Iro yana buƙatar motar ta tsaya cak na kusan rabin minti, aikina shi ne in tsare Alhaji da gaisuwa. Matsalar ita ce ba dama in taka farantin, kada nauyina ya shiga lissafi. Sai na durƙusa can gefe, taku uku daga motar, na ɗaga murya.

"Ranku ya daɗe, barkanku da asuba. An tashi lafiya? Yaya iyali? Yaya gajiya? Yaya ruwan jiya?"

Alhaji ya sauke gilashi. "Lafiya lau, Sabo. Matso mana, me kake yi a can?"

"Mura nake yi, ranku ya daɗe, kada in sa muku."

Ya ce Allah ya sawwaƙe, suka wuce. Da azahar Haladu ya dawo da jif ba Alhaji, aka sake aunawa. Malam Iro ya yage takarda ya miƙo mini. Kilo arba'in. Na ce Malam Iro, ko cinyar Alhaji ɗaya ta fi haka. Ya ce shi abin da inji ya faɗa ya sani. Da muka matsa wa Haladu, ashe bayan ya sauke Alhaji ya je ya cika tanki fal, ya kuma ɗauko wa Hajiya tukunyar gas tana bayan mota. Na ji kamar in shaƙe shi.

Laraba muka sake. Tirelar nan ta sake mutuwa a daidai wurin jiya. Alhaji ya leƙo ya ce, "Wannan motar kullum a nan take mutuwa?" Na ce ana kan dubawa. Gaisuwa ta ƙare mini Malam Iro bai ɗaga mini hannu alamar ya gama awo ba, sai na shiga tambayar jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda aka haifa satin da ya wuce, na ce yaya karatu. Wannan karon ina tsaye Haladu ya sauke shi ya juyo kai tsaye. Takarda ta ce ɗari da ashirin.

Alhamis da la'asar muka yi gwaji. Muka zaunar da buhun waken suya mai kilo ɗari a kujerar direba, muka ajiye jarkar ruwa mai lita ashirin a wajen ƙafa. Haladu, da ba ya zama lafiya, ya cire hularsa ya kafa wa buhun, har da karkata ta gefe yadda Alhaji yake yi. Na goga alli a jikin taya, muka shimfiɗa katako a ƙasa a madadin ramukan hanyarmu, muka riƙa tura motar tana hawa tana sauka. In alli ya fito a cikin fenda, taya ta taɓa ke nan. Babbar ta bar fari raɗau. Ta tsakiya ba ta taɓa ba, da ƙyar, ratar da ta rage ko takarda ba za ta shiga da daɗi ba. Ina tsugune ina tunanin ko in yi kasada da ita don ta fi cika ido, sai na ji garejin ya yi tsit.

Alhaji ne tsaye, takardu biyu a hannunsa, Malam Iro a bayansa kamar wanda za a kai kotu.

"Sabo, karanta mini nan. Nau'in kaya."

Na karɓa na duba. Da kyakkyawan rubutun Malam Iro an sa: Alhaji, guda ɗaya.

"Talata kilo arba'in, Laraba ɗari da ashirin," in ji Alhaji. "Ina so ka gaya mini me na ci a tsakani."

Sai idonsa ya faɗa kan buhun da hula. Ya zagaya motar a hankali, ya tsaya a gabansa. "Wannan kuma ni ne?"

"Ku ne, ranku ya daɗe," na ce. "Har da jarkar."

A raina na riga na fara ninke buhuna a sito. Na faɗa masa gaskiya tun daga farko, yatsa ɗaya, yatsa biyu, sifirin da ya tsufa, har murar ƙarya. Yana ji kafaɗarsa ta fara girgiza, can sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa bonet.

"Yanzu duk wannan wahala don kada ka ce in zo in zauna? Ofishina taku nawa ne daga nan? Ku sauke ni daga kujerata."

Muka ciccibi buhun. Alhaji ya naɗe babbar riga ya shiga, ya riƙe sitiyari, fuskarsa ta koma ta yaro. Muka tura shi a kan katako, ta tsakiyar ba ta taɓa ba. Na fara jin sanyi a raina, sai ya ce, "Ai ba ni kaɗai ba ne. Asabar ɗin nan da Hajiya zan fita. A motar nan na fara kai ta yawon shan iska muna amare, ta ce tana so ta sake shiga."

Haladu ya buɗe baki. "To ranku ya daɗe, ita Hajiya nawa..."

Kallo ɗaya Alhaji ya yi masa, sauran maganar ta koma ciki. Ya ce in ɗaura ƙaramar tayar. Da na gama ya ce, "Haladu, shiga nan gefena. Malam Iro, hau cinyarsa." Dattijon nan ya cire takalmi ya hau, fuska a murtuke. Alhaji ya dube su yana auna su da ido, sannan ya ce a miƙo musu jarkar su riƙe. Ba wanda ya yi ko tari. Muka tura su sun cika mota, sau uku a kan katako, sitiyari hagu da dama. Na kwanta na leƙa da tocila. Ko ɗigon alli babu, ga yatsa ɗaya cur ya rage.

Alhaji bai fita daga motar nan ba sai da aka kira magariba. Yana zaune yana ba mu labarin yadda ya tuƙo ta daga Legas, da yadda ta mutu masa a hanya ya kwana a cikinta. Ya ce shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kiransa gareji, kowa sai dai ya gaishe shi daga nesa ya gudu. Asabar suka fita da Hajiya suka dawo lafiya, Litinin sakatare ya kawo mini takardar tabbatarwa.

Abin da na koya a aikin taya shi ne lambar jikinta rabin magana ce, sauran rabin sai mota ta ɗauki masu shigarta. Abin da na koya game da mu ma'aikata kuwa ya fi ba ni kunya. Mun gwammace mu kashe tirela sau biyu, mu yi murar ƙarya, mu sa wa buhu hula, da mu ƙwanƙwasa ƙofar mai gida mu yi masa tambaya ɗaya. Shi kuma yana can ciki shi kaɗai, yana jiran wanda zai ce masa ya zo. Daga ranar, duk wanda ya kawo mini mota, komai girmansa, sai na ce ya shiga ya zauna, kuma ban taɓa samun wanda ya ƙi ba.