Hutun Da Tasi'u Ya Ajiye A Bakin Alhaji

Wata rana wani bawan Allah, Malam Tasi'u, ya shiga ofishin kula da ma'aikata na kamfanin casar shinkafar da yake wa aiki a Kano, da ƙarfin gwiwar mutumin da ya zo ɗaukar ajiyarsa.

Shekara tara yana riƙe da makullin sito.

Shekara tara bai taɓa zuwa hutu ba.

Ba hana shi aka yi ba fa. Wai dabara ce.

Manajan wurin, Alhaji Badamasi, ɗan garinsu ne. Shi ya samo masa aikin, shi ya karɓa masa aure. Duk shekara in lokacin hutu ya zo, sai Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce wa zai ba makullin nan hankalinsa ya kwanta? Gogan naka sai kai ya fasu, ga kuma kunya. Sai ya ce a ajiye masa.

Alhaji ya ce hutun yana nan, ranar da ya tashi ya kwashi abinsa gaba ɗaya.

A baka aka yi. Ko guntuwar takarda babu.

To, da wane ido zai dubi wanda ya karɓa masa aure ya ce a rubuta? Ai ya zama marar kunya ke nan.

A ƙauye kuwa, can wajen Maigatari, mahaifinsa ya tsufa. Duk sallah in Tasi'u ya leƙa na kwana ɗaya, roƙon tsohon ɗaya ne: ya samu lokaci su taka gonakin gidan tare, ya nuna masa iyaka tun ƙafa na ɗaukarsa. Kuma akwai maganganun da ba a yin su a tsaitsaye.

Amsar Tasi'u ma ɗaya ce: tarawa yake, in ya tashi zuwa wata biyu cur zai yi.

Bara Allah ya yi wa Alhaji rasuwa.

Bana ƙanwar Tasi'u ta bugo waya ta ce jikin Baba ya yi nauyi, har ya fara mantuwa.

Abin da ya kawo shi ofis ke nan, gaban sabuwar jami'a, Malama Bara'atu.

"Ranki ya daɗe, hutuna na zo ɗauka. Na shekara tara."

Ta buɗe fayil ɗinsa, ta juya, ta sake juyawa.

"Malam, ina takardar da ta nuna an ɗaga maka?"

"Takarda kuma? Ai tsakanina da Alhaji ne."

"Allah ya jiƙan Alhaji. Amma hutu ba gero ba ne da ake zubawa a rumbu. Ko da takarda, doka ba ta yarda a jinkirta shi ya wuce shekara biyu ba. Sauran ya tafi."

Ya nemi kujera ya zauna.

Ba muguwa ba ce, wallahi. Ta nemo masa kwana goma sha biyu. Sai dai an ce ya jira a gama sauke shinkafar kaka, don babu wanda ya san kan siton sai shi. Wa ya taɓa koya wa? Ai bai taɓa matsawa ba balle wani ya koya.

Ya so ya ajiye makullin ya kama hanya. Ya tuna 'ya'ya shida. Ya zauna.

Sati uku ya jira.

Ranar da ya isa gida, ya tarar da tsohon a kan tabarma, gindin darbejiya. Ya durƙusa ya kama hannunsa ya ce, "Baba, na zo. Na zo mu taka gonakin."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sai ya gyara zama, irin yadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da hanya. An ce daga Kano kake? Ina da ɗa a can, Tasi'u. Yaron kirki, sai dai aiki ya yi masa yawa. In ka gan shi ka ce ina nan ina jira. Ya ce zai zo in ya samu hutu."

Kwana goma sha biyun nan kullum yana gefensa. Kullum da safe sai an sake ba shi wannan saƙon.

Ya koma Kano da saƙon, ya karɓi makullinsa.

Ni dai tun da na ji labarin nan zuciyata ba ta yi daɗi ba.

Darasi: Hutunka haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Ka ɗauke shi a shekararsa. In an ce a ɗaga, a rubuta, ko da wanda ya karɓa maka aure ne. Sito zai samu wani mai makulli. Tsohon da ke jiranka ba shi da madadinka.

Ka tura wa wannan abokin naka da ke alfahari bai taɓa zuwa hutu ba. Wataƙila nasa tsohon har yanzu yana gane shi.