Ni Na Kori Malamar Asibitinmu

A wancan lokacin ni ne shugaban kwamitin ƙaramin asibitin ƙauyenmu a yankin Kebbe, dattijo mai gona da shanu, wanda ba a mayar wa magana. Ma'aikaciya ɗaya tilo gare mu. Ita ke allura, ita ke awon ciki, ita ke karɓar haihuwa. Ni kuwa duk wanda ya kawo mini kukan ciwo, ko an tashi daga aiki, sai in tura shi gidanta ya ce ni na aiko shi. A ganina taimako nake yi. Ban taɓa tambayar ko ta ci abinci ba.

Sai aka sa ta da sauran irinta cikin wani horo ta wayar salula, na rage gajiya da ƙuncin rai ga ma'aikatan lafiya. Bayan azahar takan rufe ɗaki ta ɗan saurari darasi. Rannan ta zo har zaure, ta durƙusa, ta kira ni Baba, ta ce an koya musu cewa wanda bai huta ba shi ke kuskuren magani, ita kuma ta gaji matuƙa. Ta roƙe ni in daina tura mata mutane gida, sai dai haihuwa ko ciwon gaggawa. Na ji kamar ta mare ni. Na tambaye ta ko wayar ce ta koya mata raina manya. Na tara dattawa, muka kai ƙara ƙaramar hukuma wai tana barin marasa lafiya tana latsa waya. Ba a hukunta ta ba, ita ta nemi canjin wurin aiki, ta tafi ko sallama babu.

Yau asibitin a kulle yake. Matata mai hawan jini, da zane nake ɗaure ta a bayan ɗana, ya ja babur har Tambuwal kan hanyar nan mai ramuka. Dattawan da muka kai ƙarar tare su ne ke tare ni suna tambayar yaushe za a kawo wata. Ina jin haushinsu, ina jin haushin waɗanda suka iya aiko mata darasi a waya amma suka kasa aiko mata abokiyar aiki. Duk bai kai haushin kaina ba. Mu da ba ma barin shanun huɗa su yini a garma ba hutu, mu ne muka yi wa 'yar mutane haka!

Dattawa 'yan'uwana, in mai duba lafiyarku ta ce ta gaji, ku gaskata ta tun tana gabanku. Girman da na tsaya karewa bai iya auna jinin matata.