Idon Sawun Hagu na Kakana

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda nake karanta yadda jikin ɗan Adam ke aiki, an ba ni bincike a kan masu ciwon suga: me ya sa ɗan ƙaramin rauni a ƙafarsu yake ƙin warkewa, kuma ko tattaki yana ƙara gudun jini zuwa ƙafa. Ranar asibiti sai in sami lungu in zauna da na'urar awon jini, in auna a dantse, in auna a ƙafa, in zana inda ciwon kowa yake. Aikin ya dace da halina, don ba ya bukatar surutu. Ni ko gaisuwa ce ta yi tsawo sai gumi ya karyo mini.

Da na dawo Daura hutu, sai na tarar abin da nake karantawa yana jirana a gida. Kakana na wajen uba, malamin zaure, ya daɗe da suga. Wani miki ya fito masa a idon sawun hagu, ta waje, tun kafin azumi, har aka yi babbar salla bai rufe ba. Ana kai shi wanki, yana shan magani, Goggo ƙanwar babana ta raba shi da duk wani abu mai zaƙi, amma ciwon sai ƙara zurfi yake. A gabana likita ya gaya wa babana cewa in ya kai ga ƙashi, sai dai a yanke ƙafar.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, zauren kakana kullum a cike. 'Yan kasuwa daga Kongolam na tambayar hukuncin ciniki, manoma daga garin Babban Mutum na tambayar zakka da gado. Yana zaune a kan buzu tun asuba har rana ta take. Don girmamawa kuma ba a barinsa ya taka ƙasa, ko masallacin bayan layi a babur ake kai shi.

Duk duniya shi kaɗai nake iya yi wa baki, albarkacin wasan jika da kaka.

"Amarya, an kawo mini digirin?" in ji shi ranar da na iso. "Ko har yanzu ɓeraye kike aunawa?"

"Mutane nake aunawa, tsoho. Kai ma ka shiga layi."

"Allah ya tsare ni da auren likita. Ko zuma ba za ta bari in lasa ba."

Wata rana bayan azahar na kai masa ruwa, na same shi yana nafila, sai na tsaya daga bakin ƙofa. Ya zauna tahiya yadda aka koya mana tun muna yara: ya kwantar da nauyinsa ta hagu, ƙafar hagu a kwance ta fito ta ƙarƙashin ta dama. Ina kallo bandejin ya ɓace a ƙarƙashinsa. Da ya miƙe, ga ɗan danshi a kan buzun, kuma gashin wurin ya riga ya cinye.

Nan take wani daɗi ya taso mini. Na tuna dattawan da na auna a asibiti. Hagu, ta waje. Hagu, ta waje! Na zana shi sau da yawa ban tambayi dalili ba. Mai lafiya in wuri ya dame shi zai gyara zama. Shi kuwa suga ya kashe masa jijiyoyin ji, ba abin da ke gaya masa ya motsa. Duk naman da ya tsiro da safe, kafin magariba ya murƙushe shi da kansa, ga jini ba ya isa wurin sosai.

Ban yarda da idona kaɗai ba. Na ɗebo gawayi a madafa, na goga a simintin tsakar gida, na zauna zaman tahiya a kai. Da na tashi, ga baƙin tabo a idon sawuna na hagu, daidai inda nasa ciwon yake, na dama kuwa fes.

"Ke, lafiya?" in ji Goggo. "Bokon ne ya fara taɓa ki?"

"Goggo, don Allah zo ki zauna a nan!"

"A kan gawayi? Da zanen nawa?"

Ta zauna dai, tana mita. Ta tashi da tabo, har da tsohuwar kanta, inda fatar wurin ta yi tauri, wadda ba ta taɓa lura da ita ba. Kafin a jima matan gidan duk sun gwada, kowa na ɗaga ƙafa tana nuna wa 'yar'uwarta, ana shewa. Ni da ba a jin muryata, ranar har maƙwabta sun ji ta.

Washegari na bi babana wurin likita. Na yi bayani, na kuma kawo shawarar a naɗa gammo a sa a ƙarƙashin idon sawun. Likita ya buga tebur don murna, amma ya ƙi gammon, ya ce zai shaƙe jinin da ke kewaye da ciwon. Wurin kada ya taɓa ƙasa sam. Tattaki kuwa ya yarda, a hankali, da takalmi mai laushi wanda bai kai ga ciwon ba, a kuma riƙa duba ƙafar kullum.

Saura mai faɗa wa kakana. Babana ya ce shi ba zai iya koya wa mahaifinsa zaman salla ba. Goggo ta ce ba da ita ba. Duk suka juyo suna kallona.

Na sake shafa gawayina, na je na zauna kusa da shi, na jera ƙafata da tasa.

"Tsoho, dubi nan. Dubi nan kuma."

Ya duba, ya saurari bayanina har ƙarshe.

"Hukuncin na san shi," ya ce. "Mara lafiya yana salla yadda ya iya. Na sha gaya wa mutane. Karatun ne matsalar. In hau kujera, littafi da dattawa suna ƙasa? Ko in miƙe musu ƙafa?"

Na ji kunya na neman rufe ni, sai na kama wasanmu da hannu biyu.

"To zaɓi ya rage naka. Ni dai ba zan zauna da miji mai ƙafa ɗaya ba. Kotun shari'a na nan, gobe zan kai ƙara."

Ya yi dariya har da tari. "Ja'ira! Da sauran ƙafata ma kina neman hanyar gudu."

Da safe ya sa aka shigo da kujera da ɗan tebur na littattafai, aka jera benci a zaure. Darasin ranar a kan sallar mara lafiya ya yi shi, ƙafarsa a kan matashi, ya ce duk mai suga ya cire kunya ya duba idon sawunsa. Ina jiyo su ta taga, ina cizon mayafina don kada in yi ihu. Bayan la'asar ya sallami mai babur, ya taka zuwa masallaci. Ɗalibansa, magidanta da furfurarsu, suka bi shi a ƙasa suna tambayoyinsu a hanya. Daga baya tattakin ya riƙa kai su har bakin gonaki.

Ni ke duba ciwon kowace safiya. Ranar da na ga jan nama mai kyau ya taso daga ƙasan ramin, bakinsa ya fara tsukewa, da gudu na je na jawo Goggo daga gaban murhu, muciya a hannunta.

Na koma makaranta bai gama rufewa ba. Da na dawo bayan jarrabawa, tun daga bakin zaure ya hango ni. Ya ɗaga ƙafar a gaban mutane, ba bandeji, sai tabo mai sheƙi.

"Amarya, ga sadakinki," ya ce. "Ƙafa biyu cif. A janye ƙara."