Mas'udu Mai Wutar Mota da Abokinsa na Biyu

Mas'udu mai gyaran wutar mota ya rasu a Magarya bayan babbar salla, ciwon hanta ya tafi da shi. Ni Illa mai faci nake rubuta wannan. Rumfata jingine take da tasa a bakin tasha, kuma tun muna kiwon awaki a Kwaya muke tare.

Mutum ne mai haƙuri da waya, marar haƙuri da mutane. In mota ta zo da matsalar wuta, shi yake zama gaban tablo, allon da ke gaban direba, yana kallon fitilu, ni kuma in bar tayoyina in shiga ƙarƙashi ina girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Inda fitila ta ƙifta, nan ciwon yake.

"Sarkin faci, a hankali," yakan ce. "Waya ce, ba igiyar jaki ba."

Sai motocin nan masu amfani da mai da lantarki suka fara shigowa ta Nijeriya. Babban batirinsu a bayan mota yake, yana da ƙwaƙwalwarsa da ke magana da ta mota ta wasu siraran wayoyi. In maganar ta yanke, mota sai ta ƙi tashi ko da batirin lafiyarsa ƙalau. Tare da motocin ne Rilwanu ya zo, wani mutumin Damagaram da ya yi aiki a garajin Kano, da na'urarsa mai karanta ciwon mota. Mas'udu ya ba shi gefen rumfa. Ni kuwa ya hana ni kusantar manyan wayoyin masu ruwan lemo, ya ce suna kisa. Na san don ya kare ni ne, amma kora na ji.

Rilwanu ba mugu ba ne. Da mugu ne, da na samu sauƙi. Yaya Illa yake kirana, har da rusunawa. Sai dai shayin da muke sha mu biyu ya zama na mutum uku, hirar kuma duk ta lambobin na'ura ce, ina zaune kamar baƙo.

Wata rana aka jawo taksin Faruku, direban hanyar Waca. Na'ura ta ce babban batiri ba ya amsawa, amma ba ta ce don me ba.

Na ce, "A canza ƙaramin batiri mana."

Mas'udu ya ce, "Koma ga tayarka, tana kiranka."

Rilwanu ya dubi Faruku. "Direba, me kake ɗauka a baya?"

"Mutane."

"In babu mutane fa?"

"Gyaɗa. Ta fi su, buhu ba ya cewa a tsaya ya kama ruwa."

Rilwanu ya sa safar hannu, ya katse wutar batirin, suka ciro kujera. Ga ɓawon gyaɗa, ga kashin ɓera, ga siririyar waya ɗaya an gutsire ta. Suka haɗa, mota ta amsa. Mas'udu ya dafa kafaɗar Rilwanu gaban jama'a ya ce, "Wannan ɗan'uwana ne." Duk zamanmu bai taɓa faɗin haka a kaina ba. Ko ya ɗauka ba sai ya faɗa ba, ban sani ba, ban kuma tambaye shi ba.

Da ciwo ya kama shi, Rilwanu ne ya kai shi asibitin Damagaram, don shi ke da mota. Ni aka bar wa tsaron rumfa.

Ranar jana'iza direbobi suka cika ƙofar gida, kowa Rilwanu yake nufa da gaisuwa. Faruku ya riƙe hannunsa ya jima, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Illa, jibi kana buɗewa? Tayata tana sacewa."

A maƙabarta aka tsaya neman wanda zai sauka kabari ya karɓi Mas'udu. Na ga Rilwanu ya fara naɗe ƙafar wando. Sai Alkasim, wan Mas'udu, ya ɗaga hannu.

"Bari, Rilwanu. Illa, sauka. Kai ka san shi tun bai san wando ba."

Na sauka. Ya yi sauƙi ƙwarai, abokina, ciwo ya cinye shi. Na kwantar da shi a gefensa na dama, na gyara masa kai a hankali. Da na ɗaga ido, Rilwanu ne durƙushe a bakin ramin yana miƙo mini itace, hawaye har gemu, ya fi ni kuka. Allah ya ji ƙan Mas'udu. Ko wannan kukan sai da na ji haushinsa.