Hannuna ya koma akushin Usaini

Salamu alaikum jama'ar wannan shafi. Hassan mai tsire ne, wanda kuka daina jin ɗuriyarsa tun damina biyu da suka wuce. Ban mutu ba. Kuma wannan rubutu da ɗan yatsana nake danna shi, shi ya sa nake ta murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Ga waɗanda ba su sani ba, mu tagwaye ne, ni da Usaini. Ko mahaifiyarmu sai ta duba tabon goshina take rarrabe mu. Tun da aka yaye mu akushi ɗaya muke ci, har muka yi furfura.

Ciwon ya fara ne shekarar da ƴan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na gefen Wagini, muka dawo Batsari muna kwana a ajin makaranta. In na tashi da asuba yatsuna sun sandare, ba na iya riƙe buta. Na ce sanyin siminti ne. Sai gaɓoɓi suka kumbura, hannu biyu lokaci guda. Wuƙa ta gagare ni, na rufe tukubata.

An yi ƙaho, an sha sassaƙe, ba sauƙi. Da yatsun suka fara karkacewa, sai maganar da ba a faɗa da ƙarfi ta zagaya: wai kuturta ce.

Wata rana aka kawo tuwo, na ga kwano biyu.

Usaini ya ɗauki nasa ya juya baya. Wallahi ciwon gaɓa bai kai min inda wannan kwanon ya kai ba.

Shi ma ba ƙyama ce ta kama shi ba, tsoro ne. A wajenmu an ce abin da ya taɓa Hassan ba ya barin Usaini. Mutumin da ke awon gero a kasuwar Safana garau, ya koma duba yatsunsa kowace safiya, har da ɗingishi na aro.

Tunkiyata da ta tsira ita ta kai mu babban asibiti a Katsina. Aka bi layin kati, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannu. Likitar, wata yarinya sa'ar ƴata, ta sa na rufe ido tana shafa min auduga a fata, ko'ina ina ji. Ta ce, "Baba, wannan ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka. Garkuwar jikinka ce ta juya tana cin gaɓoɓinka, kamar karen gida ya ciji mai gida."

Da ta ɗaga kai ta ga Usaini a bakin ƙofa, sai ta ajiye biro. Murna kamar ta ga watan Sallah, wai ta samu tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya da ciwon ɗaya babu. Aka gwada jininsa, ba alamar kumburi.

Usaini bai yarda ba. Ya ce, "Ƴata, jini ɗaya fa, ciki ɗaya."

Ta ce gaskiya ne, ƙwayoyin halittarmu iri ɗaya ne, kamar rumbuna biyu da aka cika da hatsin gona guda. Amma akwai wasu ƴan alamomi da ke manne wa ƙwayar halitta, kamar lakar da ake liƙe bakin rumbu da ita. Inda aka liƙe ya yi shiru, inda lakar ta ɓalle ya buɗe. Sunan abin metileshan. Rayuwa na iya sauya wurin lakar: hayaƙi, wahala, tsufa, cutar da aka taɓa yi. Ta ce ba su da injin auna wannan a nan, kuma ba za ta rantse a kan abin da ya ɓalle tawa ba, amma masana na ganin yana cikin dalilan da ke sa tagwaye su bambanta.

Na tuna shekarun da na yi ina shaƙar hayaƙin tukuba, shi yana zaune a inuwa yana shafa mudu. Na ce masa ashe lalaci ma magani ne. Ranar ɗingishinsa ya warke tun kafin mu kai tasha.

Nawa ya ɗauki watanni. Ƙwaya sau ɗaya a mako, tashin zuciya, komawa gwajin hanta, matsa ƙwallon tsumma da safe. An ce ciwon ba ya tafiya, kwanciya yake yi. To, nawa ya kwanta, Alhamdulillahi. Yatsu biyu sun zauna a karkace, sauran suna aiki.

Allah ya saka wa likitar nan, da matata Hinde da ta yi ta gasa min hannu da ruwan ɗumi, da ku da kuka yi ta cigiyata.

Shawarata: in gaɓoɓi na sandarewa da safe, a je asibiti tun yatsu ba su karkace ba. Kada a bar magani don an ji sauƙi. A rage shaƙar hayaƙi. Kuma kafin a raba wa mutum kwano, a tambayi likita.

Jiya aka kawo tuwon gero da miyar kuka a tsohon akushinmu. Na mulmula loma da kaina, na kai hannu na riga shi ɗaukar tsokar da ke tsakiya.

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ce, "Kai dai da ka bari ciwon nan ya ɗan ƙara kwana biyu."